Makon da Filadelfiya Ta Ɗauko Kofi

Yayana ne ya matsa mini. A farkon watan Fabrairun 2018 ina Washinton wajen wani kwas na aiki, shi kuwa ya daɗe da zama a Filadelfiya da iyalinsa. Ya bugo waya ya ce in na bari makon nan ya wuce ban leƙo su ba, to kada in koma gida in ce na ga Amurka. Na ce masa, "Yaya, ni fa ƙwallon da na sani ta ƙafa ce. Wannan ta Amurkawa da ƙarti ke rungume ƙwallo suna gudu ana kayar da su, me zan kalla a ciki?" Ya yi dariya ya ce ba ƙwallon ya kira ni in gani ba, mutanen garin zan zo in kalla.

Jirgin ƙasan Amtrak bai cika awa biyu ba daga Washinton zuwa tashar 30th Street. Tun muna Wilmington na lura masu shigowa duk kayansu launi ɗaya ne, wani kore mai duhu, daga hula har safar hannu. Da muka sauka abin ya wuce kaya. Dogayen gine-ginen tsakiyar gari an haska su da kore, motocin bas suna ɗauke da sunan ƙungiyar a goshinsu, mutumin da bai san ka ba sai ya dube ka ya ɗaga hannu ya kira sunan Eagles, wato gaggafa, kai ma ana jira ka amsa. Ranar Lahadi ƙungiyar garin za ta kara da New England Patriots a wasan ƙarshe na Super Bowl, karo na 52, can a Miniyafolis ta jihar Minisota.

Gidan Yaya yana kudu maso yammacin gari, kusa da Titin Woodland, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi sansani: 'yan Laberiya, Gini, Mali, Saliyo, Sanigal. Akwai shagunan manja da garin rogo da busasshen kifi, da wuraren kitso, da masu aika kuɗi gida. Na ɗauka nan kam Chelsea da Barcelona ne za su riƙe gari. Sai ga tutar gaggafa a tagar mai kitso, ga ta a bayan kantar mai sayar da katin waya.

Babban ɗan Yaya, wanda a can aka haife shi, shi ya ɗauki nauyin koya mini. Ya jera cokula da kwalbar gishiri a teburin cin abinci. "Baffa, duba nan." Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama 4 su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su 4, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6, a ƙara masa 1 in aka buga ta ratsa tsakanin sanduna, in kuwa hanya ta toshe ana iya bugawa daga nesa a samu 3. A agogo wasan minti 60 ne, amma yana cinye fiye da awa uku, domin bayan kowane ɗan motsi sai an tsaya an yi ƙus-ƙus, ga kuma talla. Kwalbar gishirin ita ce mai jifa, mutumin da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, wanda rabin nasara ko faɗuwa ke wuyansa. Yaron ya ɗauke kwalbar daga tebur ya ce, "To namu ya karye tun Disamba."

Labarin kakar ke nan a taƙaice, amma wanda ya warware mini shi dalla-dalla maƙwabcinsu ne, wani dattijo Baƙar fatar Amurka, Musulmi mai dogon gemu irin na mutanen garin, wanda ya yi aiki a ma'aikatar jiragen ruwan soja har aka rufe ta. Yakan shigo gidan Yaya da sallama ya zauna ya sha shayi, matar Yaya tana kiransa Baba, yaran suna kiransa Kaka. Bai fara da 2017 ba. Ya ce ba zan gane komai ba sai an fara daga 1960.

An kafa ƙungiyar a 1933, ta ci gasa a 1948 da 1949, sannan a ranar 26 ga Disamba 1960 ta doke Green Bay Packers da ci 17 da 13 a filin Franklin Field. Shi yana yaro, a rediyo suka saurara da mahaifinsa. Kocin Packers na wannan rana shi ne Vince Lombardi, wanda daga baya aka sa wa kofin Super Bowl sunansa, kuma wannan ne kaɗai wasan kifa-ɗaya-ƙwala da ya taɓa faɗuwa a matsayin babban koci. Wato Eagles sun kayar da mai kofin, amma kofin kansa ya gagare su. An fara Super Bowl a 1967. Sun kai ƙarshe a 1981, Oakland Raiders suka lallasa su 27 da 10. Suka sake kaiwa a 2005, waɗannan Patriots ɗin dai, da wannan mai jifan nasu Tom Brady ɗin dai, suka cinye su 24 da 21. Kafin nan sau uku a jere suna zuwa bakin ƙofa ana koro su. Abin da ya fi ci musu rai shi ne maƙwabtansu na rukuni, Dallas da New York Giants da Washinton, kowa yana da kofinsa a ajiye, su kaɗai ne hannu rabbana.

Sunan magoya bayan ma bai yi kyau a ƙasar ba. Har yau ana yi musu gori da cewa a 1968 sun jefi wani mai shigar Santa, dattijon nan na bikin Kirsimeti, da dunƙulen ƙanƙara, kuma a 1997 sai da aka buɗe ƙaramar kotu da ɗakin tsare mutane a cikin tsohon filinsu na Veterans Stadium don hukunta masu rigima nan take. Dattijon bai musanta ko ɗaya ba. Yadda yake ba da labarin ma kamar yana lissafa digirorin 'ya'yansa.

Kakar 2017 ta fara musu da daɗi. Carson Wentz, matashin mai jifan da suka ɗauko a 2016 daga jami'ar North Dakota State, yana ta zuba jifa, suka ci wasa 9 a jere. Amma tun farko ake ta kwasar mutanensu zuwa asibiti. Mai bugun ƙwallonsu ya ji rauni a wasan farko, suka ɗauko wani yaro, Jake Elliott, daga cikin 'yan atisayen Cincinnati, shi kuma bai yi wata guda ba ya buga ƙwallo daga yadi 61 ya kayar da Giants a daƙiƙar ƙarshe. Darren Sproles ya karye, Jason Peters mai tsare bayan Wentz ya tafi, Jordan Hicks na tsakiyar masu tsaro ya bi su. Sai ranar 10 ga Disamba a Los Angeles, Wentz ya yi tsalle zai shiga layin ci, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Kafin ya bar fili ya cika jefa ƙwallon ci 33 a kakar, abin da babu wanda ya taɓa yi a tarihin ƙungiyar. Dattijon ya ce a daren nan ya kashe talabijin ya ce wa matarsa shi ke nan, bana ma ta wuce.

Wanda ya maye gurbin shi ne Nick Foles. Ya taɓa haskawa a Eagles a 2013, aka sayar da shi ga Rams, tauraronsa ya dushe, har ya yi niyyar ajiye wasan gaba ɗaya kafin ya dawo a 2017 a matsayin ɗan benci. Sun gama kakar da nasara 13, faɗuwa 3, su ne na ɗaya a ɓangarensu, amma wasannin ƙarshe na Foles ba su gamsar da kowa ba. Saboda haka masu caca na Las Vegas suka ce Atlanta Falcons za su zo har gida su fitar da su. Eagles suka ci 15 da 10. Ana tashi, Lane Johnson da Chris Long suka zaro fuskokin kare na roba suka sa, domin a bakin Amurkawa wanda aka yanke wa ƙauna a gasa da kare ake kwatanta shi. Kafin mako ya zagayo fuskokin sun ƙare a kasuwa. Minnesota Vikings suka zo suna mafarkin buga Super Bowl a filinsu na gida, aka yi musu 38 da 7. Raina kama ka ga gayya.

Ranar Asabar Yaya ya zaga da ni tsakiyar gari. Mun leƙa Independence Hall inda aka rattaba hannu kan takardar 'yancin Amurka a 1776, da ƙararrawar nan mai tsaguwa, amma sanyi bai bar mu mun daɗe ba. A gindin babban zauren gwamnatin birni ya nuna mini gunkin William Penn, wanda ya kafa garin, can a ƙololuwa. A da akwai fahimtar juna cewa ba a gini ya wuce hularsa. A 1987 aka gina One Liberty Place ya zarce shi, daga nan kuma babu wata babbar ƙungiyar garin da ta sake cin kofi, mutane suka ce Penn ne ya yi fushi. A 2007 magina suka maƙala ɗan ƙaramin gunkinsa a saman sabon ginin Comcast, shekara na zagayowa Phillies, ƙungiyar baseball ta garin, suka ci gasarsu. A Nuwamban 2017 aka sake maƙala wani a kan sabon benen da ya fi kowanne tsawo. Na ce wa Yaya ashe camfi bai san boko ba. Ya ce in rufa masa asiri in yi shiru har a gama wasa.

Ran Lahadi da rana muka ga 'yan sanda suna bin turakun fitilun titi suna shafa musu mai. Al'adar mutanen garin ce in murna ta kama su sai su hau turaku. Lokacin wasan Vikings man girki na Crisco aka shafa, bai hana komai ba, shi ya sa wannan karon aka koma man inji.

A falon Yaya muka kalla. Matarsa ta soya fukafukan kaza ta barbaɗe su da yajin ƙuli, ta ce in Amurkawa sun ce dole sai fukafuki a wannan dare, to ita da nata yajin za ta yi. Dattijon ya zo da wata tsohuwar hula da ta koɗe, ya zauna a bakin kujera bai jingina ba. Aka take wasa da ƙarfe shida da rabi na yamma.

Ni idona yana kan mutum biyu da yaron ya nuna mini. Nelson Agholor, mai cafe ƙwallo, a Legas aka haife shi, iyayensa suka kawo shi Amurka yana ƙarami ya tashi a Tampa. Shekarunsa biyu na farko a Eagles ƙwallo tana ta zame masa daga hannu, garin ya sa shi gaba da zagi har koci ya ajiye shi wasa guda don ya huce, amma a 2017 ya dawo ya ci ƙwallo 8. Jay Ajayi kuma, mai gudu da ƙwallo, a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, daga Miami aka kawo shi a ƙarshen Oktoba, kuma ɗan Arsenal ne na gani-kashe-ni. Wannan ya sa na ji ina da nawa a fili. A daren Agholor ya cafe ƙwallo 9, babu wanda ya kai shi a ɓangaren Eagles.

Saura daƙiƙa 38 a tafi hutun rabin lokaci, Eagles na gaba da 15 da 12, suna yadi ɗaya daga layin ci, kuma damarsu ta huɗu ce. Mai hankali zai buga ya karɓi maki 3 ya tafi. Doug Pederson, kocin da shi ma yawancin rayuwarsa ta wasa a benci ya yi ta, ya ƙi. Foles ya matsa gefe kamar mai yi wa 'yan gaba magana, aka wurgo ƙwallo kai tsaye ga Corey Clement, shi ya miƙa wa Trey Burton, Burton ya ɗaga kai ya jefa wa Foles, wanda ya sulale ba wanda ya bi shi, ya cafe a cikin layi. Mai jifa ya koma mai cafewa. Dattijon ya miƙe tsaye yana "Subhanallah", yaron yana birgima a ƙasa. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, ɗazu kaɗan Patriots sun gwada irin wannan dabara, ƙwallo ta zame daga yatsun Brady. Daga baya da aka saki muryoyin da aka naɗa a gefen fili, aka ji ashe Foles ne da kansa ya je ya ba koci shawarar. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne su wane ne mutum ukun da ƙwallon ta bi ta hannunsu: Clement da Burton duk babu ƙungiyar da ta zaɓe su a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, Foles kuma ɗan benci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Muka yi sallar Isha'i a lokacin hutu, dattijon ya ja mu, kuma ban taɓa jin ya yi gajeren karatu irin na wannan dare ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Tun kafin hutu Malcolm Jenkins ya yi karo da Brandin Cooks na Patriots, Cooks ya zube bai motsa ba na ɗan lokaci, aka fitar da shi bai dawo ba. Falon ya ɗauki shewa, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Likitan da ya fara bayyana cutar ƙwaƙwalwar da yawan karon kai ke jawo wa 'yan wannan wasa ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, yana aiki a Pittsburgh, a cikin wannan jiha ta Pennsylvania. Cikin waɗanda ya bincika ƙwaƙwalwarsu har da Andre Waters, tsohon ɗan Eagles da garin ke ƙauna saboda tsananin karonsa, wanda ya kashe kansa a 2006 yana da shekara 44. Na tambayi matar Yaya ko za ta bar yaron ya buga. Ta ce, "Ya dai kalla."

Zagaye na biyu Brady ya nuna dalilin da ya sa yake da zobe biyar na cin Super Bowl. Yana da shekara 40 ya yi jifan yadi 505 a wasan gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi a Super Bowl ba, kuma saura minti tara da 'yan kai Patriots suka wuce gaba 33 da 32. Falon ya yi tsit. Dattijon ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce a hankali ya san wannan labarin, ya sha ganinsa. Sai Foles ya ja su a hankali, aka zo wata dama ta huɗu a tsakiyar fili, Pederson ya sake ƙin ja da baya, Zach Ertz ya cafe. Saura minti 2 da daƙiƙa 21 Ertz ɗin ya yi sufa ya faɗa cikin layi, ƙwallon ta daki ƙasa ta yi sama. Alƙalai suka tafi duba bidiyo. Ban taɓa ganin mutane sun tsufa a gabana cikin minti biyu ba sai ranar. Aka tabbatar: 38 da 33.

Amma an bar wa Brady minti biyu, kuma duk wanda ke falon ya san abin da yake yi da minti biyu. A hari na biyu Brandon Graham, wanda aka yi shekaru ana cewa asarar zaɓe ne, ya kutsa ya doke ƙwallo daga hannunsa, Derek Barnett ya dira a kai. Elliott ya ƙara 3 daga yadi 46. Brady ya yi jifan ƙarshe sama, na a-mutu-ko-a-yi-rai, ƙwallo ta faɗi ƙasa. Eagles 41, Patriots 33. Ƙungiyoyin biyu sun ci yadi 1,151 a tsakaninsu, mafi yawa a kowane wasa a tarihin gasar, aka kuma ba Foles kyautar gwarzon wasa.

Dattijon bai yi ihu ba. Ya zauna yana kuka kamar yaro, Yaya ya dafa kafaɗarsa. Waje kuwa gari ya kece: tartsatsin wuta, hon ɗin motoci, mata a ƙofar gida suna dukan tukwane da ludayi. Muka bar yara muka nufi Titin Broad ni da Yaya, mota ta kai mu inda za ta iya, muka ƙarasa a ƙafa. Man injin nan bai yi aikin komai ba, samari sun haye turaku har kan fitilun ba da hannu. Wani ƙato da ban sani ba ya rungume ni ya ɗaga ni sama. Warin giya ya cika titi, an kifar da mota, rumfar ƙofar wani babban otal ta rufta saboda masu hawa kanta. Da na ga abin ya fara wuce murna na ce wa Yaya mu juya, bai yi gardama ba.

Washegari dattijon ya roƙi Yaya ya kai shi maƙabartar Eden da ke Collingdale, bayan gari kaɗan, tsohuwar maƙabartar Baƙaƙen fata inda mahaifinsa yake. Na bi su. Ba mu kaɗai ba ne. Ga mutane nan jefi-jefi cikin sanyi, wani ya ɗora hular Eagles a kan dutsen kabari, wata ta soke 'yar tuta, wani yana riƙe da jaridar safiyar ya buɗe shafin farko kamar mai nuna wa na kwance. Jaridun garin sun yi ta kawo irin wannan daga maƙabartu daban-daban a makon. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ban ga abin da hula za ta yi wa mamaci ba. Amma a nan na fahimci kukan daren jiya. A garin nan goyon bayan ƙungiya gado ne, uba ke ɗora ɗa a kai, kuma an yi shekara 57 ana binne iyaye da kakanni da suka tafi suna cewa baɗi. Dattijon bai ajiye komai ba. Ya tsaya jim, ya share ƙanƙarar da ke kan sunan da hannunsa, ya ce mu tafi sanyi ya yi yawa.

A hanyar dawowa na tambaye shi sau nawa yake zuwa kallo a Lincoln Financial Field, filin da aka buɗe a 2003. Ya ce tikitin ya fi ƙarfin fanshonsa. Wani kaso na kuɗin gina filin daga baitulmalin birni da jiha ya fito, a garin da a lokacin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke cikin talauci, kuma a daren wasan tallar daƙiƙa 30 a talabijin ta kai dala miliyan 5. Ya san duk wannan sarai, bai kuma rage masa komai ba. Ya fi son ya ba ni labarin Chris Long, wanda ya sadaukar da albashinsa na kakar gaba ɗaya ga harkar ilimi kuma yake haƙa rijiyoyi a Gabashin Afirka, da Jenkins mai ɗaga dunƙulen hannu lokacin taken ƙasa don nuna adawa da zaluncin da ake yi wa Baƙaƙe. Rigimar taken ƙasar ce ma ta sa a watan Yuni Shugaba Trump ya janye gayyatar da aka yi wa ƙungiyar zuwa Fadar White House.

An yi jerin gwanon ranar Alhamis 8 ga Fabrairu. Aka rufe makarantu, jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta. Muna idar da Asuba muka fita, duk da haka mun tarar wasu tun tsakar dare suke zaune cikin barguna. Muka samu wuri a babban titin Benjamin Franklin Parkway, muka yi ta tsayuwa, yatsun ƙafata suka daina jin komai. Motocin sun taso da ƙarfe 11 daga wajen filin wasa a kudancin gari, suka biyo Titin Broad, suka zagaye zauren gwamnati, suka nufo matakalar gidan adana kayan fasaha. Wanda ya taɓa tsayuwa a Ƙofar Kudu yana jiran hawan Daushe ya san yadda guɗa ke riga sarki isowa. Haka hayaniyar ta riƙa gangarowa tun ba mu ga komai ba, sannan manyan bas masu buɗaɗɗen sama suka ɓullo, kofin azurfar yana walƙiya a rana. Na ɗora ƙaramar 'yar Yaya a wuya. Kusa da mu wata mata tana ɗaga hoton mahaifinta a cikin firam, gaba kaɗan wani yana rungume da tulun tokar mamacinsa, ya ɗaura masa ƙyallen kore.

Jawabai an yi su da yawa, na mai ƙungiya Jeffrey Lurie, na koci, na Foles da Wentz, duk na godiya ne irin wanda aka saba. Sai Jason Kelce, ƙaton da ke miƙa ƙwallo a tsakiyar 'yan gaba, ya hau da wata shiga mai ƙyalƙyali da ƙatuwar hula, kayan 'yan wasan Mummers da ke zaga garin kowace ranar 1 ga Janairu. A manyan allunan talabijin muka gan shi. Da dusasshiyar murya ya riƙa kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da aka ce a kan kowa: Howie Roseman, mai kula da ɗaukar 'yan wasa, da aka taɓa karɓe wa iko aka tura shi wani lungun ofis, Pederson da wani mai sharhi ya ce bai cancanci aikin ba, Peters an ce ya tsufa, Agholor an ce bai iya cafewa ba, Ajayi an ce ba ya rabuwa da rauni, shi kansa an ce ya yi ƙanƙanta. Kowane suna ya kira, taron ya amsa da ruri. Ya ce kare mai jin yunwa ya fi gudu. Ya rufe da waƙar da ke cewa ba mai son su kuma ba su damu ba, da ashar a ciki wanda ya sa Yaya ya toshe kunnen 'yarsa da tafin hannu, alhali shi kansa bakinsa yana bin waƙar.

Ran Juma'a da safe Yaya ya kai ni aski a Titin Woodland. Rediyon wasanni na kunne, masu bugo waya sun riga sun shiga sabuwar rigima: in gwiwar Wentz ta warke, wa za a ba ƙwallo? Mai askin ya ce duk wanda ya mayar da Foles benci bayan abin da ya yi, butulu ne. Wani da ke jiran layi ya ce ba don Wentz ya ci musu wasa 11 ba, da Foles bai samu inda zai tsaya ya yi suna ba. Na uku ya ce a sayar da Foles yanzu da yake da tsada, aka taso masa kamar za a cinye shi. Mai askin ya kashe inji ya juya yana lissafi da yatsu, rabin kaina a aske, rabi ba a taɓa ba. Na jira, na yi gyaran murya, bai ko waiwayo ba. Sai da Yaya ya buga agogonsa ya ce, "Malam, ƙarasa masa mana, za mu rasa huɗuba."